BABI NA BIYU: TARIHIN ƘAURAR TALABIJIN DAGA ANALOG ZUWA DIJITAL

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an bayyana manufar wannan bincike da farfajiyarsa da kuma hanyoyin da aka bi wajen gudanar da shi. A wannan babi kuwa za a waiwayi tarihi ne domin a ga yadda talabijin ta bar tsohon tsarin analog ta koma na dijital, da kuma yadda hoto garau, wanda ake kira HD, ya sami shiga gidajen jama'a. Sau da yawa akan ɗauki waɗannan abubuwa biyu tamkar abu ɗaya ne, har mai gida ya sayi dikoda ko faffaɗar talabijin ya zaci hoton da zai gani ya zama garau ke nan. Tarihi bai nuna haka ba. Abin da ya nuna shi ne, neman tsabtar hoto ne ya haifi tsarin dijital, amma abin da ya sa gwamnatoci suka tilasta ƙaurar shi ne buƙatar sararin da ake watsa shirye-shirye a cikinsa. Wannan bambanci shi ne babin zai bi diddiginsa, tun daga Ingila da Japan da Amurka har zuwa Nijeriya.

2.1 Ma'anar Analog da Dijital da Hoto Garau

Kafin a shiga tarihi ya kamata a fayyace waɗannan kalmomi uku. A tsarin analog, tashar talabijin tana aiko hoto ne layi bayan layi, a cikin igiyar rediyo wadda ƙarfinta ke hawa da sauka gwargwadon haske da duhun hoton. Duk abin da ya taɓa igiyar a hanya, kamar nisa ko hadari ko dogon gini, zai bayyana a fuskar talabijin. Shi ya sa akan ga hoto yana dishi-dishi ko yana rawa, har a tura yaro waje ya riƙa juya eriya.

A tsarin dijital kuwa ana mayar da hoto da sauti lambobi ne, wato sifili da ɗaya, sannan a matse su kafin a aika. Matsewar tana yiwuwa ne saboda yawancin abin da ke cikin hoto ba ya sauyawa daga wannan ƙiftawa zuwa waccan. Idan mai karanta labarai yana magana, bangon da ke bayansa yana nan yadda yake, don haka ba sai an sake aiko shi ba. Amfanin wannan shi ne, zango ɗaya mai faɗin megahaz 8, wanda a da tasha ɗaya tak yake ɗauka, yana iya ɗaukar tashoshi fiye da goma. Aibinsa kuma shi ne ba shi da tsaka-tsaki. Ko dai hoton ya zo daidai, ko kuwa ya daskare ya farfashe ya ɓace baki ɗaya.

Shi kuwa hoto garau magana ce ta yawan ɗigon da suka haɗu suka yi hoton. Hoton dijital na gama-gari, irin wanda ya gaji tsarin da aka yi amfani da shi a Nijeriya, yana da ɗigo 720 a kwance da 576 a tsaye, jimilla 414,720. Cikakken hoton HD yana da 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, jimilla 2,073,600, wato ninki biyar cif. Ke nan ana iya samun dijital wanda ba garau ba, kamar yadda aka taɓa samun garau wanda ba dijital ba.

2.2 Zamanin Analog

Tun farkon talabijin ake tseren yawan layuka. A watan Janairu na 1926 John Logie Baird ya nuna na'urarsa a Landan, hotonta kuwa layi 30 ne kacal. Bayan shekara goma, ranar 2 ga Nuwamba 1936, BBC ta fara watsa shirye-shirye a kai a kai daga Alexandra Palace, kuma daga 1937 ta tsaya a kan tsarin layi 405. Abin lura shi ne, a wancan lokaci wannan layi 405 shi ake wa kirari da hoto garau. Wannan ya nuna cewa kalmar ba ta da tsayayyen ma'auni, kowane zamani da abin da yake kira garau.

Amurka ta tsayar da layi 525 a 1941, ta ƙara masa launi a 1953, tsarin da ake kira NTSC. Yawancin ƙasashen Turai sun ɗauki layi 625, sai dai sun rabu biyu a kan launi. Jamus ta Yamma da Birtaniya sun fara amfani da PAL a 1967, Faransa kuwa ta riƙe nata mai suna SECAM. Wannan rabuwa ta biyo sawun mulkin mallaka zuwa Afirka, inda Nijeriya ta bi PAL, Jamhuriyar Nijar kuma ta bi SECAM.

A Nijeriya, gwamnatin Jihar Yamma ce ta fara buɗe tasha a Ibadan ranar 31 ga Oktoba 1959. Jihar Gabas ta biyo baya a Inugu a 1960, sannan Jihar Arewa ta buɗe tata a Kaduna a 1962. Tashar Binuwai da Filato da ke Jos ita ce ta fara nuna hoto mai launi a 1975. A 1977 gwamnatin soja ta haɗe tashoshin a ƙarƙashin hukuma ɗaya, wadda ita ce NTA. Wajibi ne a lura da cewa zuwan launi bai kashe tsohon akwati ba. Mai baƙi-da-fari ya ci gaba da kallonsa, sai dai bai ga launin ba. Ƙaura zuwa dijital ta sha bamban da wannan, domin ranar da aka kashe analog, akwatin da ba shi da dikoda ba zai nuna komai ba.

2.3 Yunƙurin Japan

Binciken hoto garau na zamani ya faro ne a hukumar watsa labarai ta Japan, wato NHK, a 1964, shekarar da aka yi wasannin Olamfik a Tokiyo. Masanan hukumar, waɗanda Takashi Fujio ya yi fice a cikinsu, ba daga na'ura suka fara ba, daga idon ɗan Adam suka fara. Sun gano cewa mai kallo yakan ji kamar yana cikin abin da ake nunawa idan allon ya fi faɗi kuma ya zauna kusa da shi, kimanin ninki uku na tsayin allon. To amma a wannan kusanci layukan tsohon hoto suna fitowa fili. Saboda haka suka tsayar da layi 1,125 da allo mai faɗi, suka kira tsarin Hi-Vision.

Matsalar da suka ci karo da ita ita ce girman saƙon, domin ya ninka na talabijin ta gama-gari sau da yawa. A 1984 NHK ta fito da dabarar rage shi mai suna MUSE, wadda ake aikawa ta tauraron ɗan Adam. An fara gwajin awa ɗaya a kullum a 1989, aka ƙara zuwa awa takwas daga 25 ga Nuwamba 1991. An zaɓi wannan rana ne da gangan, domin wata na 11 rana ta 25 ya yi daidai da 1,125. Duk da kyan hoton, akwatunan farko sun yi tsadar da sai mai hannu da shuni, kuma tsarin analog ne wajen aikawa. Daga ƙarshe an rufe MUSE a 2007, bayan dijital ya sha gabansa.

2.4 Martanin Turai da Amurka

Japan ta so duniya ta karɓi tsarinta a matsayin na kowa da kowa. A taron da aka yi a Dubrovnik a 1986, ƙasashen Turai suka ƙi amincewa, saboda tsoron kada kamfanonin Japan su mamaye kasuwar akwatunan talabijin kamar yadda suka mamaye ta na'urar bidiyo. Maimakon haka sai suka zuba kuɗi a nasu tsarin mai layi 1,250, wanda aka kira HD-MAC. An nuna shi a wasannin Olamfik na 1992, amma a 1993 aka yi watsi da shi. A cikin wannan shekara ne aka kafa ƙungiyar DVB, wadda ta tsara ƙa'idojin dijital na tauraron ɗan Adam da na waya da na eriya. Abin da Turai ta sa gaba a wannan karo shi ne yawan tashoshi, tsabtar hoto kuwa ta biyo baya.

A Amurka lamarin ya fara ne da rikicin zango. A tsakiyar shekarun 1980 hukumar sadarwa ta ƙasar, wato FCC, ta yi niyyar ba masu rediyon oba-oba wani ɓangare na zangon da tashoshin talabijin ba su amfani da shi. Don kada su rasa shi, masu tashoshin suka ce suna buƙatarsa saboda hoto garau, har suka gayyato NHK ta yi nuni a Washinton a farkon 1987. A wannan shekara FCC ta kafa kwamitin ba da shawara a ƙarƙashin Richard Wiley, aka buɗe gasa tsakanin kamfanoni.

Ana cikin wannan gasa ne, a watan Yuni na 1990, kamfanin General Instrument ya ba da mamaki, inda ya gabatar da tsarin da yake dijital ne zalla. Kafin lokacin ana ganin haka ba za ta yiwu ba, domin hoton HD da ba a matse ba yana cin bit fiye da biliyan ɗaya a daƙiƙa, alhali zangon Amurka mai megahaz 6 bai wuce ya ɗauki kimanin miliyan 19 ba. Nan da nan sauran masu gasar suka juya akalarsu. A 1993 waɗanda suka rage suka haɗa kai suka fitar da tsari ɗaya, FCC ta amince da shi a Disamba 1996, aka fara watsa shi a 1998. Daga nan ne aka fahimci cewa dabarar matsewa da aka ƙirƙira don a cusa hoto garau guda ɗaya a cikin zango, ita ce kuma za ta iya cusa tashoshi da yawa na gama-gari a cikin wannan zango.

2.5 Kashe Analog

Da wannan fahimta ta samu, sai gwamnatoci suka shigo da ƙarfinsu. Idan tashoshi goma za su zauna a inda ɗaya take, to za a sami sarari mai yawa da za a sayar wa kamfanonin wayar salula, waɗanda ke matuƙar son zangon megahaz 700 da 800 saboda yana tafiya nesa kuma yana ratsa bango. Amma ba za a sami sararin ba sai an kashe analog, kuma ba za a kashe shi ba sai yawancin gidaje sun shirya.

Birnin Balin na Jamus ya kashe nasa a Agusta 2003, ƙasar Holan ta biyo baya a ƙarshen 2006. Amurka ta yi gwanjon zangon megahaz 700 a 2008, ta sami kimanin dala biliyan 19. Ta kuma raba wa gidaje takardar rangwame ta dala 40, har guda biyu ga kowane gida, domin sayen dikoda. Duk da haka sai da aka ɗage ranar daga 17 ga Fabrairu zuwa 12 ga Yuni 2009, saboda gidaje da yawa ba su shirya ba. Japan ta kashe nata ranar 24 ga Yuli 2011, ban da larduna uku da girgizar ƙasa da ambaliyar teku suka shafa, waɗanda aka jinkirta musu zuwa Maris 2012.

Misalin Birtaniya ya fi dacewa da wannan bincike. An fara dijital ta eriya a can a Nuwamba 1998 a matsayin tsarin biyan kuɗi, amma kamfanin ya durƙushe a 2002. Sai da aka maye gurbinsa da Freeview, wanda kyauta ne ga duk mai dikoda, sannan jama'a suka rungume shi. An fara kashe analog a garin Whitehaven a 2007, aka bi yanki-yanki har aka kammala a Ireland ta Arewa ranar 24 ga Oktoba 2012. A cikin shekara goma sha ɗaya na farko babu hoto garau a wannan tsari, sai a Disamba 2009 bayan an fito da sabuwar ƙa'ida mai suna DVB-T2.

2.6 Yarjejeniyar Jeneba da Halin da Nijeriya ta Shiga

Igiyar rediyo ba ta san iyakar ƙasa ba. Tashar da ke Katsina tana iya shiga Maraɗi, ta Maraɗi ma tana iya shigowa. Saboda haka ne ƙungiyar sadarwa ta duniya, wato ITU, ta tara ƙasashen Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya a Jeneba a 2006, aka raba zanguna sabon rabo. An amince cewa daga 17 ga Yuni 2015 babu sauran kariya ga tashar analog a zangon UHF idan maƙwabciyar ƙasa ta shiga mata, sannan aka ba wasu ƙasashe ƙarin lokaci zuwa 2020 a zangon VHF. A Afirka, Tanzaniya tana cikin na gaba-gaba, domin ta kashe analog a Darussalam a daren ƙarshe na 2012.

Nijeriya ta sa wa kanta ranar 17 ga Yuni 2012 a zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya kafa kwamitin ba da shawara a 2008. Wannan rana ta zo ta wuce, haka ta 2015, haka kuma ta 2017. Tsarin da aka zana ya raba aikin tasha gida biyu: masu shirya shirye-shirye daban, masu aika sigina daban. An ba kamfanin ITS, wanda ya fito daga NTA, da kamfanin Pinnacle lasisin aikawa, a ƙarƙashin kulawar hukumar NBC. An yi gwajin farko a Jos ranar 30 ga Afrilu 2016, da sunan FreeTV. Abuja ta biyo baya a Disamba 2016, Ilori da Kaduna a Disamba 2017, Inugu da Oshogbo a Fabrairu 2018. Daga nan aikin ya tsaya har shekara uku, kafin a ƙaddamar da shi a Legas a Afrilu 2021 da Kano a Nuwamba 2021. Ke nan a cikin shekara biyar da rabi wurare takwas kawai aka taɓa, a ƙasa mai jiha 36 da babban birnin tarayya.

Dalilan wannan jinkiri sun haɗa da ƙarancin kuɗin kafa na'urorin aikawa, da tsadar samar da dikoda mai rangwame ga miliyoyin gidaje, da shari'o'i a kan lasisi, da kuma sauyin gwamnati. Wani dalili kuma shi ne kasuwa ta riga gwamnati. DStv ta fara aiko dijital ta tauraron ɗan Adam tun 1995. StarTimes, da haɗin gwiwar NTA, ta fara dijital ta eriya a 2010, GOtv ta shigo a 2011. A Arewa kuwa gidaje da dama sun kafa dish da rasiba mai kama tashoshin kyauta, kuma ta wannan hanya ce tashar Arewa24 ta isa gare su tun daga 2014. Saboda haka da yawa daga cikin masu hali sun ƙaura da kuɗin aljihunsu, aka bar marasa hali da mutanen karkara a kan tsohuwar eriya, alhali su ne shirin gwamnati ya fi shafa.

2.7 Hoto Garau a Cikin Gida

Ba za a ga hoto garau a falo ba sai abubuwa biyar sun haɗu. Dole a ɗauki shirin da kyamarar HD, tashar ta aiko shi a haka, dikodar ta iya karanta shi, wayar da ta haɗa dikoda da talabijin ta iya ɗaukarsa, sannan allon ya kasance yana da isassun ɗigo. Idan ɗaya ya gaza, sauran sun tashi a banza. Mafi yawan kuskure yana faruwa ne a wajen waya. Mai kai uku, ja da fari da rawaya, hoton gama-gari kawai take ɗauka, don haka sai an yi amfani da ta HDMI.

Haka kuma faffaɗan allo yakan tona asirin tsohon hoto. Wasannin kwaikwayo irin su Samanja da Karkuzu an ɗauke su ne da tsarin layi 625, a ma'aunin allo na 4 da 3. Finafinan Hausa da aka sayar a faifan bidiyo-sidi ɗigonsu 352 ne da 288, ƙasa ma da na talabijin ta gama-gari. Idan aka sa irin waɗannan a allo mai ma'aunin 16 da 9, ko dai a ga baƙin shafi a gefe biyu, ko kuwa a miƙe hoton har fuskokin mutane su yi faɗi. Ita ma tasha takan zaɓi tsakanin yawa da kyau, domin gurbin tashar HD ɗaya yana iya ɗaukar na gama-gari da dama. A inda talla ba ta da yawa, sau da yawa yawan tashoshi ake zaɓa. A can Japan kuwa tseren bai tsaya ba, domin NHK ta fara watsa hoton 8K ranar 1 ga Disamba 2018, wanda ya ninka cikakken HD sau goma sha shida.

2.8 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa neman hoto garau ya faro ne a Japan a 1964 a kan tsarin analog, kuma gasar da ya tayar a Amurka ita ce ta fito da talabijin ta dijital a 1990. An ga kuma cewa darajar zango ce ta sa gwamnatoci suka yanke ranakun kashe analog, kuma ƙasashen da suka kammala cikin nasara su ne waɗanda suka ba da tashoshin kyauta, suka tallafa wajen sayen dikoda, suka bi aikin yanki-yanki. A Nijeriya an saɓa wa'adi sau uku tsakanin 2012 da 2017, yayin da gidaje masu hali suka ƙaura ta hannun kamfanoni da tauraron ɗan Adam. A babi na gaba za a duba yadda wannan sauyi ya shafi shirye-shiryen Hausa da masu kallonsu.